Tendai Mtawarira ba sojan haya ba ne

Kwanakin baya wani guntun bidiyo ya sake yawo a waya, daga wasan ƙarshe na kofin duniyar zari-ruga (rugby) na 2019 wanda Afirka ta Kudu ta doke Ingila 32 da 12. A ciki ana ganin wani ƙato mai lamba 1 a bayansa ya duƙa ya cusa kafaɗa yana tura ɗan Ingila da baya da baya har alƙalin wasa ya busa. Da na nuna wa wani abokina da ya fi ni bin wasanni sai ya taɓe baki ya ce, "Ai wannan ba nasu ba ne, ɗan Zimbabuwe ne, sojan haya suka ɗauko." Wani da ke gefe ya ɗora da cewa ai irinsu ne masu cin amanar ƙasa, wai da ya tsaya gida da tuni Zimbabuwe ta yi suna a wasan.

Wallahi maganar ta ɓata min rai, kuma ba dan ina goyon bayan Afirka ta Kudu ba ne. Ta ɓata min rai ne saboda irinta nake ji kullum a kan duk ɗan wasan da aka haifa nan ya buga wa can, kuma yawancin masu faɗinta ba su taɓa tsayawa sun duba me mutumin ya yi da rayuwarsa ba.

To ga matsayata tun yanzu. Tendai Mtawarira, wanda duniya ta fi sani da Beast, ba sojan haya ba ne kuma bai ci amanar kowa ba. Rigar Springboks, wato tawagar ƙasar Afirka ta Kudu, da ya sa sau 117 tashi ce halak malak, da wuyansa da bayansa ya biya kuɗinta. In akwai waɗanda ya kamata su ji kunya a labarin nan to su ne masu yi masa kirari a filin wasa ranar Asabar, ranar Litinin kuma su je su fasa shagon ɗan garinsu.

Daga Harare zuwa Durban

An haife shi a Harare ranar 1 ga Agusta 1985. Ya yi makarantar Churchill, daga baya wasan ya sama masa gurbin karatu a Peterhouse. Tun yana yaro ake ce masa Beast saboda girman jiki, sunan kuma ya bi shi har ya danne na asali. Da ya gama sakandare ya tsallaka Durban ya shiga makarantar horas da matasa ta kulob ɗin Sharks.

A lokacin ba a sahun gaba yake bugawa ba, yana cikin masu ɗaukar ƙwallo su ruga ne. Koci Dick Muir ne ya ce masa in yana son ya kai wani matsayi to sai dai ya koma gaba, lamba 1. Wanda bai san wasan ba zai ɗauka ƙaramin sauyi ne, amma gurbi ne da mutane ke koyo tun suna yara, shi kuwa ya fara koyonsa ne ya kai shekara ashirin. Ba a yi nisa ba, ranar 14 ga Yuni 2008, ya buga wa Afirka ta Kudu wasansa na farko da Wales a Pretoria. Ku riƙe wannan watan a ranku, zan dawo kansa.

Aikin lamba 1

Dole in ɗan tsaya a nan, dan in mutum bai gane wane irin aiki ne ba ba zai gane dalilin da ya sa kalmar haya ta yi min zafi ba.

A zari-ruga kowane ɓangare mutum 15 ne. In aka yi ƙaramin kuskure, kamar ƙwallo ta suɓuce gaba, sai a haɗa turereniya: mutum takwas na nan su riƙe juna su duƙa, takwas na can ma haka, a haɗa kawuna a jefa ƙwallo tsakani kowa ya tura. Nauyin mutum takwas ɗin nan a matakin ƙasa da ƙasa yakan kai kusan kilo 900, kuma duk wannan ƙarfin, na bayanka da na gabanka, a wuya da kafaɗa da ƙashin bayan mutum ukun da ke gaba yake haɗuwa. Beast yana gefen hagu na ukun nan. Duk wanda ya taɓa kallon kokawa ya san lokacin da ƙafar mutum ta fara ja da baya a cikin yashi magana ta ƙare ko da bai faɗi ba tukuna, to haka turereniya take, sai dai ita za a maimaita ta sau da yawa a cikin minti 80.

Ba gurbin suna ba ne sam. A duk wasanni 117 ɗin nan sau biyu kawai ya dire ƙwallo a bayan layi ya ci maki. Masu gudun gefe irin su Bryan Habana su ake ɗauka hoto su ake sa wa a talla. Shi aikinsa shi ne ya karya lagon mutumin da ke gabansa har alƙali ya ba da fanareti, wani ya buga ya ci maki uku a rubuta sunan wancan.

Ranar da duniya ta san shi ita ce 20 ga Yuni 2009 a Durban, wasan farko da British and Irish Lions, wato zaɓaɓɓun Ingila da Wales da Scotland da Ireland a haɗe, waɗanda sau ɗaya a shekara 12 suke zuwa Afirka ta Kudu. Wanda ke gabansa Phil Vickery ne, gogagge, ya ci kofin duniya a 2003 kuma shi ne kyaftin ɗin Ingila a na 2007. Yaro ɗan shekara 23 wanda bai daɗe da koyon gurbin ba ya dinga ɗaga shi yana lanƙwasa shi, fanareti bi da bi, har aka cire Vickery jim kaɗan bayan dawowa hutu. An tashi 26 da 21, aka ba Beast gwarzon wasa. Tun daga nan duk lokacin da ya taɓa ƙwallo sai filin gaba ɗaya ya ɗauki "Beeeast", fari da baƙi, har a filayen da ba na kulob ɗinsa ba.

"Kuɗi ya bi"

Wannan ita ce hujja ta farko, kuma ita ta fi sauƙin rushewa. Sojan haya ai wanda ya fi biya yake bi. To a duba shekarun da Beast ya yi wasa, lokacin da kuɗin Afirka ta Kudu ke ta faɗuwa kulob-kulob na Faransa da Ingila da Japan kuma suna zuba kuɗi. Habana ya tafi kulob ɗin Toulon na Faransa, Bakkies Botha ma Toulon, 'yan'uwan nan biyu da suka daɗe suna sahun gaba tare da shi, Bismarck da Jannie du Plessis, suka tafi Montpellier, shi ma a Faransa, a 2015. Wasu haifaffun ƙasar ma rigar wata ƙasa suka ɗauka gaba ɗaya, CJ Stander ya buga wa Ireland, WP Nel ya buga wa Scotland, Rory Kockott ya buga wa Faransa. Ba zaginsu nake ba, kowa da lissafinsa.

Amma shi wanda ake kira baƙon, shi ne ya zauna. Kulob ɗaya tun daga tashinsa har 2019, wasa 159 a Super Rugby, babbar gasar kulob-kulob da suke bugawa, duk a rigar Sharks, kuma ba wai kofuna ne suka riƙe shi ba dan Sharks ba su taɓa cin gasar ba, sau biyu suka kai wasan ƙarshe a zamaninsa, 2007 da 2012, duka aka doke su. Sai bayan ya ajiye rigar ƙasa yana shekara 34 ya je Amurka ya ɗan taɓa wasa a Old Glory DC, nan ma korona ta katse kakar.

Kuma ba a lokacin daɗi kawai ya zauna ba. Yana cikin tawagar a shekarun da Springboks suka zama abin tausayi, Japan ta doke su 34 da 32 a kofin duniya na 2015, Italiya ta doke su a 2016, New Zealand ta zuba musu 57 da nema a 2017. Ga kuma ciwon zuciya da ya yi fama da shi, bugawar da ba ta tafiya daidai, wanda a Nuwamban 2012 ya sa aka kwantar da shi asibiti a Dublin ana shirin wasa da Ireland. Mutumin da zuciyarsa ke masa haka, in da kuɗi kawai yake nema ai sai ya nemi kwantiragi mai tsoka a inda matsi bai kai haka ba ya tara abinsa ya huta. Shi ya yi magani ya dawo ya sake cusa kansa cikin turereniya shekara bakwai.

"Ya ci amanar Zimbabuwe"

Wannan ta fi ta farko nauyi kuma ba zan raina ta ba. Ana cewa kowa ya bar gida gida ya bar shi, kuma gaskiya ne Zimbabuwe ce ta haife shi, malaman makarantunta ne suka fara sa masa ƙwallo a hannu, wata ƙasa kuma ta ci riba. Akwai ciwo a nan, duk ɗan Afirka ya san shi.

To amma tsayawa gida ya yi me? A lokacin da ya tashi Zimbabuwe ba ta da gasar ƙwararru da mutum zai ci abinci da ita. Rabon tawagarsu ta Sables da kofin duniya tun 1991, yana ɗan shekara shida. Tattalin arzikin ƙasar kuwa a shekarun ya kai inda a farkon 2009 sai da aka buga takardar kuɗi ta dalar Zimbabuwe tiriliyan 100, malamai da likitoci da injiniyoyi suna ta tsallaka kogin Limpopo neman abin sa wa a baka. A wannan halin za ka ce wa yaro ɗan sha tara mai baiwa ya zauna saboda kishin ƙasa? Da ya zauna ba Zimbabuwe ce za ta samu Beast ba, babu wanda zai same shi, dan Beast ɗin da muke magana a kai a Durban aka gina shi, a can aka canja masa gurbi aka ba shi masu horaswa da abinci da likita da abokan karawa da suka fi shi ƙarfi. Ɗan wasa kuma ba kamar ɗan kasuwa ba ne da zai jira abubuwa su gyaru, shekarunsa ƙirgaggu ne, in ya wuce talatin da 'yan kai shikenan.

Dukkanmu mun san likitan da ya gaji da albashin da ba ya zuwa kan lokaci ya tafi Saudiyya ko Ingila. Muna jin zafin rashinsa a asibiti, amma in muna da adalci wanda ya kasa riƙe shi muke tuhuma. Me ya sa in aka zo kan ɗan wasa sai mu juya tuhumar kan yaron?

Sannan dan Allah mu riƙa auna kanmu da mudun da muke auna wasu. A wannan wasan ƙarshe na 2019 ɗin, a ɓangaren Ingila akwai Maro Itoje wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, kuma da ya zama kyaftin ɗin Lions a 2025 alfahari muka yi da shi. Super Eagles ɗinmu kuwa da Ademola Lookman da Ola Aina da aka haifa a Landan, da William Troost-Ekong da aka haifa a Holan, muka kai wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abidjan, babu wanda ya kira su sojan haya. In ya zo mana ɗan kishin ƙasa ne, in ya tafi maci amana ne, wannan son kai ne kawai.

"Ai doka doka ce"

A nan ne labarin ya fi muni. A ƙa'idar hukumar zari-ruga ta duniya ta lokacin, in mutum ya zauna a ƙasa shekara uku a jere kuma bai taɓa buga wa babbar tawagar wata ƙasa ba to ya cancanta, kuma Beast ya cika wannan. Amma gwamnatin Afirka ta Kudu tana da nata tsarin cewa sai ɗan ƙasa mai takarda zai sa rigar ƙasa, shi kuwa a lokacin da izinin aiki yake zaune. A Janairun 2010 Butana Komphela, ɗan majalisa na ANC kuma shugaban kwamitin wasanni na majalisar, ya fito ya yi barazanar a tuhumi hukumar wasan ta ƙasar kan sa shi da ta yi, shi kuma a tasa ƙeyarsa zuwa Zimbabuwe. Aka ajiye shi gefe bai buga wasannin watan Yuni na shekarar ba, sai a ƙarshen watan ministar cikin gida Nkosazana Dlamini-Zuma ta sanar an ba shi takardar zama ɗan ƙasa.

Na yarda ƙasa tana da ikon sa ƙa'idarta kan wanda zai wakilce ta, ban ja da wannan ba. In an ce a gyara takardu a gyara. Amma maganar kora fa? Watanni kaɗan bayan ya taimaka musu sun doke Lions sun kuma ci gasar Tri Nations ta 2009 da suka buga da New Zealand da Ostiraliya, bayan duk ƙasar ta sha ihun sunansa? Wannan shi ne a ci moriyar ganga a yada kwaurenta. Kuma duk wannan ana yi ne a daidai lokacin da ƙasar ke shirin karɓar kofin duniya na ƙwallon ƙafa tana cewa duniya wannan gasar ta Afirka ce gaba ɗaya.

Ba shi ne haifaffen Zimbabuwe na farko a rigar ba ma. Gary Teichmann a Gweru aka haife shi, Bobby Skinstad a Harare, dukansu fararen fata kuma dukansu sun yi kyaftin ɗin Springboks. Za a ce ai su tun suna yara suka dawo kuma suna da takardu, haka ne, amma ni ban taɓa jin ana musu gorin wurin haihuwa ba. Abin da ya fi sosa min rai shi ne wanda ya yi barazanar korar baƙar fata ne ɗan jam'iyyar da Zimbabuwe ta ba mafaka, ƙasar da sojojin gwamnatin wariyar launin fata suka kai wa hari har cikin Harare a watan Mayun 1986 saboda ofishin ANC da ke can.

Watan Mayu 2008 da watan Satumba 2019

Na ce a riƙe watan da ya fara bugawa. Wata guda kafin nan, a Mayun 2008, tarzomar ƙin jinin baƙi ta ɓarke daga unguwar Alexandra a Johannesburg ta bazu wasu garuruwa, aka kashe mutum 62, dubbai suka rasa matsuguni, 'yan Zimbabuwe da Mozambik suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Mutanen suna zaune a tantuna da harabar ofisoshin 'yan sanda lokacin da ɗan Harare ya tsaya a Pretoria yana rera taken ƙasar.

Shekara 11 bayan nan, Satumban 2019, aka sake. Wannan mun fi tuna shi dan ya taɓa mu kai tsaye, aka ƙona shagunan baƙi a Johannesburg har sai da jirgin Air Peace ya je ya kwaso ɗaruruwan 'yan Najeriya kyauta. Ba a cika wata biyu ba, ranar 2 ga Nuwamba a Yokohama, aka yi wasan da ke cikin bidiyon nan. Kyle Sinckler na Ingila ya bugu a ka tun minti na uku ya fita, Dan Cole ya shigo, Beast yana shekara 34 ya dinga tura shi, kusan duk turereniyar da aka haɗa sai Ingila ta ba da fanareti, Handré Pollard yana bugawa yana ci. An tafi hutu 12 da 6. Mutane sun fi tuna gudun Makazole Mapimpi da Cheslin Kolbe na ƙarshen wasa da Siya Kolisi yana ɗaga kofi, baƙar fata na farko da ya yi kyaftin ɗin tawagar, amma duk wanda ya san wasan zai gaya maka a sahun gaba aka kashe Ingila tun kafin hutu. Kwana kaɗan bayan nan Beast ya sanar ya ajiye rigar ƙasa, a lokacin Victor Matfield da Habana ne kawai suka fi shi yawan wasanni a tarihinta.

Wato wasansa na ƙasa ya fara a bayan wata tarzoma ya ƙare a bayan wata. Ni wannan ne abin da ba na iya wucewa. Aka zagaya da kofi a buɗaɗɗiyar mota cikin garuruwa ana ta ihun sunansa, a wasu unguwannin da tokar shagunan 'yan ƙasarsa ba ta gama sanyi ba.

Na san amsar da wasu za su bayar, cewa ai shi ya kawo amfani, sauran kuwa sun zo cinye aiki da cika asibiti ne. Kuma ban ce talakan Afirka ta Kudu ba shi da abin kuka ba, rashin aikin yi a ƙasar ya yi muni sosai, wanda yake kwana da yunwa ba a yi masa wa'azi daga nesa. Amma ranar da Beast ya sauka Durban shi ma ba kowa ba ne, yaro ne daga Harare da ba wanda ya san sunansa, babu abin da ya bambanta shi da mai aikin gini ko mai wanke kwanuka a gidan abinci ko malamar makaranta da suka tsallako a shekarar. Bambancin kawai shi an ba shi fili kuma aikinsa a talabijin ake nuna shi. In sai baƙo ya ciyo kofin duniya kafin a yarda shi mutum ne, to mutum nawa za su tsallake wannan jarrabawar? Su kansu 'yan ƙasar nawa ne za su ci ta? A 2022 an ga bidiyon Phophi Ramathuba, mai kula da lafiya a lardin Limpopo a lokacin, tsaye a kan wata 'yar Zimbabuwe da ke kwance a gadon asibiti tana mata faɗa kan cewa irinsu ne ke cinye kasafin lafiya. Matar nan da Beast ƙasa ɗaya suka fito, ɗaya shugaban ƙasa Ramaphosa ya kira shi a waya yana taya shi murnar wasa na 100 a 2018, ɗaya kuma ana mata gori tana jinya.

Mu Hausawa bai kamata wannan ya zama mana baƙon labari ba, mutanen da suke da zango daga Kumasi har Khartoum. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Ghana kakannin wasunmu suna ciki, a 1983 kuma Najeriya ta yi wa 'yan Ghana irin haka. Shi ya sa nake jin nauyi in na ji ɗan'uwana yana saurin cewa wane ba nasu ba ne.

Inda masu sukar suke da gaskiya

Akwai abu ɗaya da ba zan musa ba. Tsarin yana cutar ƙananan ƙasashe. Masu kuɗi suna da makarantu da kulob da albashi, saboda haka duk yaron da ya yi fice can zai nufa, kuma da zarar ya sa rigarsu sau ɗaya a da shikenan an rufe masa ƙofar gida har abada. Tonga da Samoa da Fiji sun fi kowa shan wannan, a tawagar Ingila ta 2019 ɗin ma akwai Manu Tuilagi haifaffen Samoa da 'yan'uwa biyu na gidan Vunipola 'yan asalin Tonga. Zimbabuwe ita ma ta yi asarar da yawa, Tonderai Chavhanga da Brian Mujati sun buga wa Afirka ta Kudu, David Pocock da ya tashi a Gweru ya zama gwarzo a Ostiraliya, Takudzwa Ngwenya ya buga wa Amurka. In ka haɗa waɗannan a tawaga ɗaya ba ƙaramar tawaga ba ce, kuma duk ɗan Zimbabuwe da ya yi wannan lissafin ya ji haushi yana da hakki.

Sai dai gyaran wannan a hannun masu tsara doka da masu riƙe da kuɗin wasan yake, kuma an ɗan fara. An mayar da shekarun zama daga uku zuwa biyar, sannan daga 2022 aka yarda ɗan wasan da ya yi shekara uku bai buga wa ƙasa ba zai iya komawa ƙasar da aka haife shi ko aka haifi iyayensa ko kakanninsa. Ga Beast dokar ta zo a makare, ya riga ya rataye takalmi. Abin da ya iya yi shi ne gidauniyar da ya kafa, Beast Foundation, wadda ke taimaka wa matasa ta hanyar wasa da karatu.

Ita Zimbabuwe kuwa a watan Yulin 2025 ta doke Namibiya a Kampala ta samu tikitin kofin duniya na 2027 da za a yi a Ostiraliya, karon farko tun 1991. Cikin waɗanda suka kai ta akwai Ian Prior, wanda a Ostiraliya aka haife shi a can ya yi wasansa na ƙwararru, iyayensa ne 'yan Zimbabuwe. A yanzu haka akwai yara a makarantun Churchill da Peterhouse da Prince Edward da za su kalli gasar nan, kuma masu farautar 'yan wasa daga Durban da Pretoria da Faransa suna kallon yaran. In hukumar wasan ta Zimbabuwe da ta duniya, World Rugby, ba su samar da gasar da za ta biya su albashin da za su riƙe iyali ba, mafi ƙarfi a cikinsu zai tafi kamar yadda Beast ya tafi, kuma ni ba zan ga laifinsa ba.